Tsohon Karena da Rantsuwar da Na Yi

Ni ba mai son kare ba ne, gara in faɗi wannan tun farko. Albasa ce ta sa na riƙe shi. Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Argungu ya san wahalar albasa ba ta ƙarewa ran da aka cire ta. Sai an kai ta rudu, wato rumbun karan nan da muke ɗagawa sama da ƙasa mu rufe da ciyawa don iska ta riƙa ratsa ta, sannan a zauna jiran kasuwa ta tashi. A cikin jiran nan ne masu dogon hannu suke zuwa. Wata shekara aka kwashe mini kusan rabin rudu, abin da na tarar kawai sawun amalanke. Da Fulani suka sauka a gonarmu bayan girbi, na ga karyarsu ta haihu, na roƙi ɗaya suka ba ni. Ja ne, da fari a ƙirji kamar an ɗiga masa nono. Ban sa masa suna ba. In ina nemansa fito nake yi, ya zo.

Damina goma sha biyu muka yi tare. Bai taɓa taka ɗakina ba, kaskon abincinsa daban yake, in ya lashe ni in wanke. Malamai sun ce na gadin gona babu laifi, ni kuma a nan na tsaya. Amma mutum ba ya shekara goma sha biyu da abu mai rai yana bin bayansa safe da yamma ya ce bai saba da shi ba. Tun da ya girma ba a sake ɗaukar mini ko albasa ɗaya ba.

Gonata tana iyaka da ta taubashina, ɗan kawuna, wanda ya girme ni da shekara uku. Wanda ya san taubasantaka ya san babu abin da ba ma faɗa wa juna. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Rijiyar burtsatse a gonarsa take, injin ban ruwa nawa ne. Yini ɗaya ruwa ya bi shinkafarsa, yini ɗaya ya bi albasata. Fiye da shekara ashirin muna haka, babu takarda babu shaida. Da rana in abinci ya zo daga gida, ko nawa ko nasa, a kwano ɗaya muke ci a gindin wani mangwaro da ke bakin rijiyar. Karen yakan kwanta nesa kaɗan yana kallonmu. Taubashina ya ciro kan kifi ya jefa masa ya ce, "Bawana, ga ƙanenka nan, ko wurin ci kamarku ɗaya."

A shekarar da nake magana, tun lokacin dashe karen ya fara wasu abubuwa. Duk tsawon zamansa kan kunya yake bi, bai taɓa taka fangalin da aka yi shuka a ciki ba. Sai ga shi yana faɗawa tsakiyar dashe yana tattaka mini ƙananan albasa. In ya tashi tafiya ba ya miƙewa, sai ya karkata hagu, ya yi kewaye ya dawo inda ya taso, kamar jakin da aka ɗaure a turke. Na ɗauka iskanci ne na tsufa. Na yanki guntun tiyo na zane shi, ba sau ɗaya ba. Ba ya gudu, ba ya kuka sosai, sai ya tsaya yana kallon gefena kamar bai san daga ina dukan yake zuwa ba. Wata rana ya shiga irin shinkafar taubashina ya kwantar da shi, taubashin nawa kuma ya ɗaga murya daga can ya ce in ja wa ƙanena kunne, in ba haka ba wata rana zai gama da shi. Muka yi dariya, aka wuce wurin.

Matata ma ta gaya mini. Ta ce ranakun da nake zuwa da shi gida, takan leƙo ta gan shi a bayan zaure ya kafa goshinsa a bango ya tsaya cik, har ta gama tankaɗe yana nan. Na ce mata tsufa ne, ita ma in ta kai nan za ta kafa.

Wajen wata biyu bayan haka, shinkafar taubashina ta fara ciki, ɓeraye suka sako ta gaba. Ya yi abin da kowa yake yi. Ya sayo shinkafar ɓera, ya cuɗa da busasshen kifi, ya zuzzuba a sakaina ya jera a kan kunyoyinsa. Bai ɓoye mini ba. Da bakinsa ya ce in ɗaure karena. Na ɗaure shi kwana biyu, na ga yana ta nannaɗe kansa da igiya saboda kewayen nan nasa, na kwance shi.

Rana ta huɗu da hantsi ina gyara hanyar ruwa na ji wani irin gurnani a bayana. Na waiwaya na ga karen a ƙasa, jikinsa ya sandare, ƙafafu suna shure-shure, kumfa tana fita a baki, ya saki fitsari. Ban taɓa ganin haka ba. Akwai ɗan manja a kwalba cikin bukkata, akwai sauran nono a ƙwarya. Na danne shi da gwiwa na ɗura masa, don haka muka tashi muka ga ana yi wa dabbar da ta ci guba. Jim kaɗan ya lafa. Ya miƙe yana tangaɗi, ya dube ni kamar baƙo. Na ce a raina manja ya cece shi.

Da na zagaya sai na tsinci sakaina ɗaya a gefena na iyaka, babu komai a ciki. Yau na san ko gafiya za ta iya jawo ta, ko iska. A ranar ban yi wannan tunanin ba. Abin da ya faɗo mini shi ne maganar nan ta wata rana zai gama da shi.

Bayan la'asar mutane suna zazzaune a ƙofar masallacin unguwarmu kamar kullum, ana hirar taki da ruwa. Na tsaya a kansu da sakainar a hannu na ce taubashina ya sa wa karena guba da gangan. Aka fashe da dariya, don an saba jin mu. Shi ma ya yi dariya ya ce, "In zan kashe wani a gidanku ai da kai zan hwara, shi ko shina da amfani."

Dariyar nan ce ta ƙona ni. Da na yi shiru a nan da maganar ta bi iska kamar sauran. Sai na ce wallahi tallahi ba wasa nake ba, shi ya tsallako da gubar cikin gonata, kuma Allah ya isa tsakanina da shi.

Dariya ta ɗauke. Taubashi yana iya ce maka ɓarawo, ya ce maka bawa, ya ce maka maye, duk a sha. Amma ba a sa rantsuwa a ciki. Ya dube ni, ya jawo takalmansa ya sa, ya tafi.

Washegari na kwance injina daga rijiyarsa. Babu wanda ya ce in kwance, ni na ga ba zan iya shan ruwan mutumin da na yi wa Allah ya isa ba. Akwai wani tafki can ƙasan gonata, da nisa. Na haɗa tiyo da tiyo ina ɗaurewa da tsohuwar robar taya, ruwan yana zuwa rabi laka, rabi yana tsiyayewa a hanya. Kullum in ɗauki inji a ka in kai, in ɗauko da yamma. Bayana bai sake komawa daidai ba tun lokacin. Bakin ganyen albasa ya fara rawaya. Taubashina kuma ya aro inji wurin surukinsa. Muna haɗuwa a kan hanya, ya yi sallama in amsa, ko in yi ya amsa, shi ke nan. Kowa yana cin abincinsa a bukkarsa, gindin mangwaro ya zama na awaki.

Karen kuwa na ɗaure shi a gindin rudu, ba ya cin komai sai abin da na ba shi da hannuna. Bayan kwana tara ya sake faɗuwa. Bayan sati kuma ya sake. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na ce gubar ce ta zauna masa a hanta tana tasowa. Wasu suka fara cewa haukan kare ne, a sa sanda a huta. Na ce mahaukacin kare ba ya wata guda yana shan ruwa yana kaɗa wutsiya, duk wanda ya taɓa shi mu haɗu wurin mai unguwa. Matata ta ce mini sau ɗaya, tana miƙo mini ruwan alwala, "Malam, wanga kare hwa tun dashe ba shi da lahiya." Na ce mata ba a tambaye ta ba.

Lakar tafki ta cinye robar cikin inji, ya fara zubar da ruwa. Na hau mashin na tafi Birnin Kebbi wurin wani Ibo da nake sayen kayan inji a hannunsa. Ya fi shekara talatin a garin, a Gwadangaji yake zaune, 'ya'yansa duk a nan aka haife su, Hausarsa irin tamu ce sak. Ya juya robar a hannu ya tambaye ni me ya sa nake jan laka alhali ya san ina da rijiya. Ban yi niyyar faɗa ba, amma na gaji, kuma wani lokaci ya fi sauƙi ka faɗa wa wanda ba danginka ba. Na kwashe duka na gaya masa.

Ya saurara yana ta neman robar a cikin kwalaye. Da na gama ya ce shi yana da karnuka biyu a gida, kuma ya taɓa rasa ɗaya ta hanyar guba, tsakanin safe da azahar aka gama. "Abokina," ya ce, "guba ba ta tahiya hutu ta dawo duk sati. Ka kawo shi ga likitan dabbobi." Na ce likitan dabbobi ai na shanu ne da awaki. Ya ce suna duba kare ma, ya kwatanta mini wurin. Sannan ya ce ko ba don karen ba, in je don in san abin da ke tsakanina da ɗan'uwana. Wannan ta tsaya mini a rai har na iso gida.

Kai kare Birnin Kebbi daga Argungu ba ƙaramin aiki ba ne. Babu direban da zai sa shi a mota cikin mutane masu tsarki a jiki, ban ma tambaya ba. Na samo babban kwandon albasa na shimfiɗa buhu, na ɗaga shi na sa a ciki. A lokacin na ji yadda ya rame, kamar na ɗauki damin kara. Na ɗaure kwandon a bayan mashin na rufe da wani buhun. Daf da Ambursa na ji kwandon yana girgiza. Na tsaya a gindin wata bishiya na sauke shi, na tsuguna ina jira abin ya sake shi. Masu wucewa a kan mashin suna rage gudu suna leƙe. Wani ya tambaye ni ko sayarwa zan kai. Na dube kaina, mutum da jikoki, a bakin titi da rana tsaka ina gadin kare a kwando, albasata tana can tana ƙishi.

Likitar mace ce, yarinya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta sa safar hannu ta ce in sauke shi a tsakar wurin in matsa. Ta tsaya tana kallonsa kawai. Ya tashi, ya karkata hagu, ya yi kewaye, ya sake, ya sake, har ya je ya kafa goshi a jikin katanga. Ta kawo hannu ta gefen idonsa na hagu, ya ƙifta. Ta kawo ta gefen dama, ko motsi. Ta lanƙwasa ƙafarsa ta dama ta aje ta a kan bayanta, ya bar ta haka, bai san ta juye ba. Ta haska masa ido, ta duba dasashinsa, ta tambayi shekarunsa.

Sai ta ce in ba ta labari daga farko. Na fara da ranar da aka zuba shinkafar ɓera.

"Baba, kafin nan fa?" ta ce. "Wannan kewayen, yaushe ka fara ganinsa?"

Na buɗe baki in ce ranar ne, sai na tuna guntun tiyo. Na tuna ƙananan albasar da ya tattaka. Na ce tun dashe. Ta tambayi tsakanin dashe da gubar, na ce wata biyu, ko da 'yan kwanaki. Ta gyaɗa kai, ni kuma na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Ta tambaye ni me nake nomawa, na ce albasa. Ta ce to na san tantanin nan siriri da ke tsakanin ɓawon albasa da ɓawo. Ta ce ƙwaƙwalwa ma tana da irin wannan tantanin da ya lulluɓe ta, ya bi har cikin ƙashin baya. A jikin tsofaffin karnuka wani lokaci ƙari yakan tsiro a kan tantanin, yana girma a hankali. In a baya ya fito, ƙafafu ne suke fara mutuwa. In a kai ne, ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba shi wuri, sai ya yi ta danne ƙwaƙwalwa. Daga nan kare ya fara kewaye ta gefen da abin yake, ido ɗaya ya daina gani, hali ya canza, faɗuwa ta biyo baya. Ta ce na karena a gefen hagu yake, ga dukkan alamu. Ba ya tsallaka wa mutum, ba ya tsallaka wa wata dabba, kuma babu wanda ya sa masa.

"Ni ba zan rantse ba, Baba," ta ce, "don sai an ɗauki hoton cikin kai ake tabbatarwa, mu kuma ba mu da injin a nan. Amma abin da na gani ke nan."

Ita da ta yi karatun abin, ta taɓa shi da hannunta, ta ce ba za ta rantse ba. Ni da sakaina ɗaya na rantse.

Duk da haka na sake tambaya, ko dai gubar ta taimaka. Ta ce gubar da za ta kayar da kare haka, ko ta kashe shi a ranar ko ya warke ya wuce wurin, kuma babu gubar da take fara aiki wata biyu kafin a ci ta. Ta ce manjan ma ba shi ya tashe shi ba, faɗuwar da kanta take saki, kuma kada in sake ɗura masa komai yana cikin wannan hali, zai iya bi ta huhu. Na tambaye ta magani. Ta ce a wasu wurare ana buɗe kai a cire, amma ba a nan ba, kuma ba ga kare mai shekarunsa da ramarsa ba. Abu biyu ne a hannunta. Ko ta yi masa allura ya yi barci ya wuce, ko ta ba ni ƙwayoyin da za su rage kumburi su rage faɗuwa, ya ƙara 'yan makonni cikin sauƙi. Na ce ba ni na ba shi rai ba, ta ba ni ƙwayoyin. Ta ce in na ga ya daina ci, ko faɗuwar ta ƙi saki, in dawo da shi kada in bar shi yana wahala.

Da na koma gida na gaya wa matata duka. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Cewa ta yi, "To, sai ka tahi wurinshi." Na ce zan je.

Ban je ba. Kullum in tashi da niyya, in hango shi can cikin shinkafarsa ya duƙa, in ce bari ya gama wannan layin. In ya gama in ce bari sai an sauko daga Juma'a. Juma'a ta zo in ce mutane sun yi yawa. Gaskiyar ita ce ban san ta inda ake farawa ba. Shekara hamsin da wani abu ban taɓa yi masa maganar da babu wasa a ciki ba, sai ran nan guda. Ina tura wa karen ƙwaya a cikin loma, ya ɗan farfaɗo, kewayen ya ragu, wata rana har ya yi wa jaki haushi. Na cire albasa, ba ta yi girma ba, rudu bai cika ba. Sati uku suka wuce.

Ran wata Talata na makara a gida saboda bayan nan nawa. Wajen hantsi na ji sallama a ƙofa, muryar da na sani tun ina yaro. Na fito na same shi tsaye a rana, bai shiga zaure ba, ƙafafunsa duk laka.

"Karenka ya mutu," ya ce. "Shina gindin mangwaro. Igiyar ta tsinke, ban san sa'ad da ya zo ba. Na ruhe shi da kara saboda ungulaye. Na zo in hwaɗa maka da bakina, kar ka ji wurin wani ka ce ni ne."

Na zauna a kan dakali. Na ce masa na san ba shi ba ne. Na gaya masa tafiyata Birnin Kebbi, da likitar, da tantanin, da ƙarin, da cewa abin tun dashe yake. Ina magana ina kallon ƙafafunsa. Ya bar ni na gama.

"Yaushe ka je?"

"Sati uku ke nan."

"Sati uku kana sane." Bai ɗaga murya ba. "Ni ko kullum in na shiga masallaci sai in ga kamar ana kallon hannuna."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "A ina ka rantse?" Na ce a ƙofar masallaci. Ya ce, "To can za ka kai ta. Nan ba kowa sai ni da kai da kajin gidanka." Ya juya ya tafi.

Na ɗauki diga da shebur na tafi gona. Karen yana nan inda ya saba kwanciya in muna cin abinci, an jera masa kara a kai da kyau, har an danne da ɓurɓushin ƙasa don iska. Yadda ya kai kansa wurin da wannan kewayen nasa da ido ɗaya, Allah kaɗai ya sani. Na fara haƙa a nan, ƙasa ta yi tauri. Taubashina yana can cikin shinkafa, ya ɗago ya nuna mini da hannu in matsa kusa da hanyar ruwa inda ta fi laushi. Bai zo ba. Na haƙa, na naɗe karen a buhun nan da na kai shi asibiti a ciki, na rufe. Sauran ƙwayoyin ma na zuba su a ramin.

Bayan la'asar, kafin mutane su gyara zama, na miƙe tsaye a daidai inda na tsaya wancan karon. Na ce jama'a su shaida, rantsuwar da na yi a kan taubashina ƙarya ce, ban gani ba na faɗa. Na ce kare ƙari ne ya fito masa a cikin kai, likita ta duba, tun kafin a zuba guba yake ɗauke da shi. Na ce na sani sati uku na yi shiru, wannan ma laifi ne na biyu. Na janye Allah ya isa, ina roƙonsa gafara a gabansu.

Wani tsoho ya tambaya wai yanzu kare ma likita gare shi. Wasu suka yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba. Liman ya ce rantsuwar da mutum ya yi a kan abin da ya zata gaskiya ne tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ya yi istigfari, amma haƙƙin wanda aka ɓata sai shi ya yafe. Duk aka juya wurin taubashina. Yana zaune yana jan carbi.

"Na yahe," ya ce. "Allah shi yahe muna baki ɗaya."

Aka shafa, aka koma hirar taki.

Da rani ya zagayo na ɗauki inji na kai bakin rijiyarsa, ban tambaya ba, shi ma bai hana ba. Ya riƙe mini tiyo na ɗaura. Yini ɗaya shinkafarsa, yini ɗaya albasata, kamar da. Matanmu suna aika wa juna abinci, ranar sunan jikansa ni na raba goro. In rana ta yi muna zama a gindin mangwaron, amma kowa da kwanonsa. Ban sake karɓar kare ba, ko da Fulanin suka dawo suka yi mini tayi. Na ce musu na tsufa da raino.

Shekara uku ke nan. Wani lokaci nakan jefa masa wasa in gani, in ce bawana ya makara yau, ko in ce shinkafarsa ta yi kama da gemunsa. Yakan yi murmushi. Sai ya ce, "Malam, ruwanka ne yau, ko nawa?" Da can bai taɓa ce mini Malam ba. In ce nasa ne, ya tashi ya juya tiyo.